Neman Sunayen Katsinawan Da Suka Kwanta A Bama

A shekarar 2025 aka cika shekara 80 da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, amma har yau akwai gidaje a birnin Katsina da ba su san inda kakansu ya kwanta ba. Abin da suka sani shi ne an ɗauke shi soja, an tafi da shi Bama, bai dawo ba.

A 1943 Turawan Ingila suka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Arewa ke da yawa a cikinsu. Sun gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, suka shiga Myohaung a watan Janairun 1945. Marigayi Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, bayan ya hau gadon sarauta a 1944, ya je har can ya gai da su.

Mai neman labarin ɗan'uwansa zai fara cin karo da matsalar suna. Al'adar barikin soja ce a rubuta sunan yanka haɗe da sunan gari, a bar sunan uba. Saboda haka mutane da dama sukan amsa suna ɗaya, kuma rubutun Bature yakan karkatar da shi. Lambobin yabon da aka raba bayan yaƙin su ma ba a zana sunan kowa a jikinsu ba. Abin da ke raba gardama shi ne lambar soja, wadda ake samu a takardar sallama ko wata tsohuwar wasiƙa a ƙasan adaka.

Wanda ya sami lambar sai ya duba rajistar Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Kwamanwel, wadda take a intanet kyauta. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon an zana sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Nijeriya. Rahotannin kullum na bataliyoyi suna ma'ajiyar Kew a Landan, fayilolin Lardin Katsina kuwa suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Rashin ganin suna a rajista bai nuna mutum bai je yaƙi ba. A 2021 hukumar kaburburan ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da sunansu ba. Wannan ya isa ya nuna bai kamata a dogara da takardun Turawa kaɗai ba.

Nauyin ya rataya a wuyan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da ƙungiyar tsofaffin sojoji. Ya kamata a tura ɗalibai unguwa-unguwa su ɗauki hoton takardun sallama, su naɗi maganar 'ya'yan sojojin, a haɗa rajista guda a ajiye a gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina. 'Ya'yan nan su ma sun tsufa, kuma duk wanda ya rasu da lambar mahaifinsa a kai, jikoki ba su da sauran abin nema da shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta.