Tukunyar Bakin Ma'aikata

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan nawa na kowane mako, domin yau ina so in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai magana a kan abincin da ake ci a Bompai da Sharada da Calawa.

Kowa ya sani Bompai ita ce babba, tun zamanin Turawa aka fara kafa ma'aikatu a can. Sharada da Calawa kuwa daga baya suka tashi, bayan an yi Jihar Kano a 1967. Kullum ana lissafin injuna da majemu da masaƙu, amma ban taɓa jin an lissafa masu ciyar da leburorin da ke juya injunan nan ba. Alhali kuwa tun da asuba mai koko da ƙosai ta ɗora kasko a bakin ƙofa. Da hantsi mai ɗanwake ta iso. Da azahar ga tuwo da miyar kuka, ga shinkafa da wake da mai da yaji, ga gurasa an yayyafa mata ruwa an barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli. Da la'asar mai fura ta sauke ƙwarya, da magariba mai tsire ya hura wuta, mai shayi kuma ya kafa tebur saboda masu aikin dare. Lebura ba shi da halin komawa gida cin abinci, sau da yawa ma ba shi da ko kwabo, sai uwar tuwo ta ba shi bashi har ƙarshen wata. Sa'ad da ma'aikatu da yawa suka rufe, daga 1986 zuwa gaba, saboda tsadar kaya da ƙarancin wutar lantarki, tukwanen nan ma da yawa sun kife, ba wanda ya tambayi inda masu su suka nufa.

Abin da ya sa na ta da zancen nan shi ne labarin wata ƙasa da ake kira Meziko, wadda take kudu da Amurka. Ko da yake tana da nisa, ba baƙuwarmu ba ce, gama a can aka fara noman masarar da muke tuƙa tuwo da ita. Abincin talakansu wata 'yar waina ce mai faɗi ta garin masara, suna kiranta tortiya. In aka naɗe nama da barkono a ciki sai a ce tako, a kan titi ake sayarwa, a tsaye ake ci. Kafin su niƙa masara sukan dafa ta cikin ruwan toka ko ƙonanniyar farar ƙasa, kuma likitoci sun tabbatar dabarar nan ita ke fito da amfanin ƙwayar, ta tsare mutum daga ciwon da suke kira felagra, mai ɓata fata da ciki. Mu mun karɓi irin, amma dabarar ba ta biyo shi ba.

Mutanen nan ba su ji kunyar abincin iyayensu ba. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkinsu na gargajiya cikin kayan gadon duniya. A 2024 kuma wata 'yar rumfar tako a babban birninsu, mai suna El Califa de León, ta sami tauraron Michelin, watau lambar girma irin wadda aka saba ba manyan gidajen abinci na Faransa. Suna da mashayu kamar kowane babban birni, amma ba su ne suka jawo musu wannan girma ba, tukunyar talaka ce.

To, mu fa? Da yawa cikinmu masu ɗan ilimi, da mun sami tebur da alƙalami sai mu ga tuwo ya zama abin ƙauye, mu koma ga burodi da Indomie. Masu tuwon kuma an bar su a bakin lambatu, cikin rana da ƙura da ƙudaje, wani wuri ma kusa da inda ruwan majemu ke wucewa zuwa kogin Calawa. Lebura ya ci, ya kwanta ciwo, sa'an nan a ce malalaci ne.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Masu ma'aikatu su gina wa matan nan rumfa mai inuwa, su ja musu famfo. Duba-gari su riƙa zagawa suna koya musu rufe abinci da wanke kwano, ba kora da tara kaɗai ba. Mu kuma malamai mu zauna da tsofaffin matan Jakara masu gurasa da sauran gwanaye, mu rubuta yadda suke girki tun suna da rai. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Allah ya sa masu iko su ji. Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Kano.