Gigin tsufa ciwo ne, ba maita ba

Ranar 21 ga Satumba ce ranar cutar mantuwa ta duniya. Jami'ai kan yi jawabi da Turanci a Abuja, a ɗauki hoto, a watse. To, tsohuwar da ta fita da asuba ta manta hanyar gida, yara suka bi ta da jifa suna kiranta mayya, wa ya kai wa unguwarsu wannan jawabin?

Tun 2023 aka sanar da sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, amma doka ba ta shiga zaure. Rediyo na shiga, huɗubar Juma'a ma ana saurare. Gwamnati ta ba su bayani da Hausa: ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa, kuma asibitocin Barnawa da Kware na duba masu ciwon.