Mun iya buga ƙwallo, ba mu iya cin kuɗinta ba

Jama'a, akwai wata dariya da ya kamata mu daina. Duk sa'ad da wani yaro ya gama lisans ɗinsa a jami'a ya ce zai yi mastar kan kasuwancin ƙwallon ƙafa, sai fada ta ɗauka da shewa. Wai ƙwallo ma sai an je lakwal? Wai ya rasa abin karantawa ne? Masu wannan dariya su ne dai ke kwana gaban talabijin suna musu kan Real da Barça, kuma ba su taɓa tambayar wanda ya rubuta kwantiragin ɗan wasan da suke yi wa ihu ba.

To bari mu faɗa muku. Jami'ar Liverpool a Ingila ta buɗe MBA na harkar ƙwallo tun 1997. A shekarar 2000 aka kafa FIFA Master, inda ɗalibi ke zagaya gari uku: Leicester don tarihi da zamantakewar wasanni, Milan don tafiyar da kuɗi da ma'aikata, Neuchâtel a Suwizalan don shari'a. A Faransa akwai cibiyar Limoges, inda Zidane da kansa, bayan duk kofunan da ya ɗaga, ya koma ya zauna a aji. In Zidane bai ji kunya ba, mu wace kunya muke ji?

Ga inda abin ya shafe mu. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga kulob zuwa kulob na wata ƙasa alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Mu yi lissafi. A ce an sayar da yaro miliyan ɗaya na Yuro, wajen miliyan 656 ke nan na sefa. Kulob ɗin unguwa da ya riƙe shi daga shekara 12 zuwa 17 yana da haƙƙin kashi 2 cikin 100, sama da miliyan 13. Kuma duk sa'ad da aka sake sayar da shi haka, a sake biya. Miliyan 13 ga kulob ɗin Maradi ko Damagaram ko Tawa da ke bin 'yan kasuwa yana roƙon jika biyar-biyar na kuɗin mota, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Amma kuɗin ba ya bin wanda ya sha rana da yaro. Takarda yake bi. Tun 2022 FIFA ta buɗe wani biro a Paris da ke duba fasfon ɗan wasa na intanet ya aika wa kowa rabonsa. In ba a yi wa yaron rajista da sunan kulob ɗinku ba, in shekarunsa sun bambanta daga wannan takarda zuwa waccan, in kulob ɗin ba shi da asusun banki da sunansa, shi ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku dubi Senegal. Génération Foot ta Dakar ta ƙulla yarjejeniya da kulob ɗin Metz na Faransa, kuma ta wannan hanya Sadio Mané ya fita. Daga Metz ya je Salzburg, Southampton, Liverpool, Bayern. Ƙafar yaron ce ta buga, gaskiya ne, amma wasu ne suka zauna da alƙalami suka shimfiɗa masa hanyar. Mu fa? Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, muka yi rawa har gari ya waye. Daga baya sai ga mu muna karɓar baƙi a Maroko, don filinmu bai cika sharuɗɗan CAF ba. Wannan ba laifin mai tsaron gida ba ne, matsalar gudanarwa ce.

Za a ce karatun nan tsada gare shi, ɗan talaka ba ya iyawa. Haka ne, kuma ba mu ce kowa ya sayar da gonar ubansa ya tafi Turai ba. Diflom ma ba ya ba da aiki da kansa, ku yi hattara da masu tallan makarantu a Facebook. Sai dai tsada ba hujjar zama ba ce. FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙwallo ta ƙasa har dala miliyan 8 daga 2023 zuwa 2026. A cikin wannan kuɗi ba za a iya ɗaukar nauyin matasa biyu ko uku ba, da sharaɗin su dawo su yi aiki? Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar tana koyar da gudanar da wasanni da haɗin gwiwar cibiyar FIFA Master. Me zai hana jami'o'inmu da INJS su nemi irin haka?

Ku kuma shugabannin kulob, ku daina miƙa sakatariya ga ɗan ƙanwa don kawai ba shi da aikin yi. Tsohon ɗan wasa mutuncinsa daban, amma karanta kwantiragi mai shafi ashirin wani fanni ne. Iyaye, kafin ku damƙa ɗanku da kuɗinku ga dillalin da ya ce zai kai shi Turai, ku tambaye shi lasisinsa na FIFA, ku kuma sani doka ta hana fitar da yaro ƙasa da shekara 18 sai bisa 'yan dalilai ƙalilan.

Yaran da ke son wannan karatu, ku ci gaba da nema. Ƙwallonmu na jiran ku. Allah ya sa mu gane.