Sharhi: Satar Kallon Dambe Ta Intanet, Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Asara?

A farkon watan Satumban 2025, ƙungiyar ACE, wadda manyan kamfanonin fina-finai da na talabijin suka kafa domin yaƙi da satar fasaha, ta ba da sanarwar cewa ta rufe Streameast tare da haɗin gwiwar hukumomin ƙasar Masar. A cewar ƙungiyar, wannan ita ce kafa mafi girma a duniya wajen nuna wasanni kai tsaye ba da izini ba. Tana da adireshi 80 a intanet, kuma an ziyarce ta sau biliyan 1.6 cikin shekara guda. An kama mutum biyu a kusa da birnin Alƙahira.

Makonni kaɗan kafin wannan, a watan Agusta, kamfanin UFC, mai shirya damben nan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji, ya sanya hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 7.7 ta shekara bakwai da kamfanin Paramount. Muhimmin abin da ke cikinta shi ne, daga shekarar 2026 mai kallo a Amurka ya daina biyan kuɗi na musamman a kan kowane babban dare. Kuɗin wata-wata da yake biya ya wadatar.

Waɗannan al'amura biyu amsoshi ne ga matsala guda. Ɗaya ta sanda ce, ɗaya ta farashi. Abin tambaya shi ne wacce daga ciki za ta yi tasiri, kuma ina makomar mai sha'awar wasan, wanda shi ne ake ja-in-ja a kan aljihunsa.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa satar kallo ta fi yi wa dambe illa a kan ƙwallon ƙafa, sai an duba yadda ake sayar da shi. Gasar ƙwallo tana da wasanni ɗaruruwa a kaka guda, kuma gidajen talabijin kan biya kuɗinta tun kafin a buga wasan farko. Babban dambe kuwa dare ɗaya ne. Wani lokaci minti biyu ne. Shi ya sa tun da daɗewa masu shirya shi suka ɗauki tsarin "biya ka kalla", inda kowane gida zai sayi wannan dare shi kaɗai. A zamanin da Muhammad Ali ya kara da George Foreman a Kinshasa a 1974, Amurkawa sinimomi da manyan ɗakunan taro suke zuwa su yanki tikiti su kalla a majigi. Daga baya kasuwar ta koma cikin gidaje. Karo na biyu tsakanin Mike Tyson da Evander Holyfield a 1997, wanda aka yi cizon kunne a cikinsa, gidaje kusan miliyan biyu ne suka saya a Amurka.

Ko a wancan lokaci akwai sata. Ana sayar da wasu akwatuna a ɓoye da ke buɗe tashoshin da aka kulle. Sai dai akwatin sai an saya, an ɗauko, an haɗa, kuma gida ɗaya yake yi wa amfani. Abin da intanet ta sauya shi ne, mutum ɗaya da ya biya kuɗi yana iya raba hoton ga dubban mutane a ƙasashe daban-daban a lokaci guda.

Wannan ya fito fili ranar 2 ga watan Mayun 2015, lokacin da Floyd Mayweather ya kara da Manny Pacquiao a Las Vegas. An sa farashin kallo kusan dala 100, gidaje kimanin miliyan 4.6 suka saya, aka tara fiye da dala miliyan 400, abin da ba a taɓa gani ba. Amma a wannan dare mutane da yawa wayoyinsu kawai suka ɗaga suka fuskantar da akwatin talabijin, suka yaɗa wasan ta manhajar Periscope, wadda a lokacin ba ta fi makonni da fitowa ba. Shugaban kamfanin Twitter na wancan lokaci, Dick Costolo, har ya rubuta cewa Periscope ce ta lashe damben, kalaman da ba su yi wa masu haƙƙin nuna wasan daɗi ba.

Bayan shekara biyu, a watan Agustan 2017, Mayweather ya kara da Conor McGregor na UFC. Kamfanin tsaron na'urori na Irdeto ya ce ya gano haramtattun hanyoyi 239 da suka kai wasan ga mutum kusan miliyan uku. Wani abin lura a wannan dare shi ne, da yawa daga waɗanda suka biya kuɗinsu ta halal ba su samu kallo ba, domin na'urorin kamfanonin sun kasa ɗaukar cunkoson jama'a, har sai da aka jinkirta babban wasan. Wasu sun shigar da ƙara suna neman a mayar musu da kuɗinsu. Wato mai gaskiya yana zaune yana duban allo babu hoto, maƙwabcinsa da bai biya ko sisi ba yana ta sowa.

Martanin farko na kamfanonin shi ne kotu. A Birtaniya, bayan damben Anthony Joshua da Wladimir Klitschko a filin Wembley a 2017, kamfanin Sky ya nemi wani magidanci a garin Scarborough ya biya fam dubu 85, saboda an yaɗa wasan daga na'urarsa ta Facebook ga mutum fiye da dubu huɗu. Mutumin ya ce abokinsa ne ya yi, daga bisani aka daidaita a kan fam dubu biyar. A wannan shekara majalisar dokokin ƙasar ta ɗaga hukuncin satar fasaha ta intanet daga ɗaurin shekara biyu zuwa goma. A 2018 kamfanin Matchroom na Eddie Hearn ya samu umarnin babbar kotu da ya tilasta wa kamfanonin intanet toshe haramtattun hanyoyi yayin da ake tsakiyar wasa. A Amurka ma, dokar da aka zartar a watan Disamban 2020 ta mai da gudanar da irin waɗannan shafuka domin neman kuɗi babban laifi, mai hukuncin da zai iya kai wa shekara goma. A 2021 kamfanin Triller ya kai ƙarar wasu shafuka yana neman diyyar dala miliyan 100 kan damben Jake Paul da Ben Askren, har ya yi wa waɗanda suka yi kallon sata tayin afuwa idan suka biya kuɗin kallon.

Akwai wani ɓangare na dokar Amurka da ya kamata masu gidajen abinci da shaguna su sani, ciki har da baƙi masu ƙananan sana'o'i. Kuɗin da ake biya domin kallo a gida bai halatta a nuna wa abokan ciniki ba. Wurin kasuwanci yana da nasa lasisi mai tsada, kuma kamfanonin da ke rarraba shi, irin su Joe Hand Promotions, sukan tura mutanensu su zagaya a daren wasa. Diyyar da doka ta ba kotu damar yankewa tana iya kai wa dala dubu 110.

To sai dai duk da wannan, satar ba ta ragu ba. Da zarar an toshe adireshi ɗaya, sai wani ya buɗe da suna mai kama da shi, sau da yawa daga ƙasar da hannun kotun bai kai ba. Wasan da zai ƙare cikin sa'a guda ba ya jiran takardar lauya. Wannan ne ya sa a 2023 UFC da hukumomin ƙwallon kwando na NBA da ƙwallon Amurka na NFL suka rubuta wa gwamnatin Amurka suna neman a tilasta cire irin waɗannan hotuna nan take. Sun ce harkar wasanni a duniya tana asarar abin da ya kai dala biliyan 28 a shekara.

Irin waɗannan alƙaluma sai an yi hattara da su, domin daga bakin masu ƙara suke fitowa. Lissafin yakan ɗauka cewa duk wanda ya yi kallon sata da zai biya in da babu hanyar satar. Wannan kuwa ba haka yake ba. Ɗalibi a Manchester ko ɗan acaɓa a Duwala, in an toshe masa hanya, barci kawai zai yi, da safe ya ji sakamako.

A nan ne ƙorafin masu kallo yake shigowa, kuma Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin da tashar ESPN ta karɓi sayar da manyan wasannin UFC a 2019, farashin dare guda dala 60 ne. Kafin 2023 ya kai dala 80, ban da kuɗin rajistar wata-wata da sai an biya kafin ma a sami damar saye. A lokacin, mai son ganin dukan manyan wasannin shekara sai ya kashe wajen dala dubu ɗaya. Shi kuma damben boksin ya warwatsu a tashoshi daban-daban, musamman bayan HBO ta janye daga harkar a 2018, Showtime ta bi sahu a 2023. Ga kuma matsalar lokaci. Wasan da ake yi da dare a Las Vegas yakan zo wa mutanen Landan da Yawunde da Accra wajen asuba. Ba kowa ne zai biya kuɗi mai yawa kan abin da barci zai iya ɗauke shi kafin a fara ba.

Masu shirya wasanni sukan ce ɓarawon kallo ɗan dambe yake cuta, domin manyan 'yan wasa suna da kaso a kan yawan gidajen da suka saya. Akwai gaskiya a nan, amma ga 'yan kaɗan na sama. Takardun da suka fito a shari'ar da tsofaffin 'yan wasa suka yi da UFC sun nuna cewa abin da ke zuwa hannun 'yan wasa bai kai kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin ba, kuma an rufe shari'ar a 2025 da biyan dala miliyan 375. Francis Ngannou, ɗan ƙauyen Batié a Kamaru, yana riƙe da kambun ajin masu nauyi lokacin da aka bayyana ladansa na kare kambun a 2022 a matsayin dala dubu 600. Ya bar kamfanin a farkon 2023 bayan saɓani kan sharuɗɗan kwantiragi. Mai kallon da ya san wannan, da wuya a shawo kansa da cewa kuɗinsa aljihun gwaninsa za su shiga.

Wannan ba ya nufin mai kallon sata ya tsira. Araha ba ta ado. Masu waɗannan shafuka ba sadaka suke yi ba. Da tallace-tallace suke samun kuɗi, galibi na caca da na batsa, da kuma maɓallan yaudara da ke sa mutum ya sauke manhajar da za ta kwashe bayanan wayarsa. Wanda ya sayi rajistar ɓoye kuma ya miƙa lambar katin bankinsa ga mutanen da bai san su ba, waɗanda ba shi da inda zai kai ƙararsu. A Birtaniya, mutum biyar da aka ɗaure a 2023 kan gudanar da wata haramtacciyar kafar nuna ƙwallo sun tara fiye da fam miliyan bakwai daga masu rajista kimanin dubu 50, kuma bayanan abokan cinikin irin waɗannan kafofi hannun masu bincike suke faɗawa idan asiri ya tonu. Bayan wannan, hoton yakan makara da daƙiƙoƙi masu yawa, ko ya katse daidai lokacin da aka kai naushin ƙarshe.

Abin da ya fara sauya lissafin kamfanonin shi ne gwajin da Netflix ya yi a watan Nuwamban 2024, lokacin da ya nuna damben Mike Tyson da Jake Paul ga duk mai rajista ba tare da ƙarin kuɗi ba. Hoton ya yi ta tsinkewa, jama'a sun yi ta ƙorafi, amma kamfanin ya ce na'urori miliyan 65 ne suka kalla a lokaci guda. A watan Satumban 2025 ya sake yin haka da damben Canelo Álvarez da Terence Crawford, ya ce mutum fiye da miliyan 41 suka gani. Idan aka kwatanta da gidaje miliyan 4.6 na Mayweather da Pacquiao, za a ga yawan jama'ar da tsada ta kora waje, waɗanda da yawansu shafukan sata suka tarba.

Duk da haka, ba a ce an kashe maciji an sare kansa ba. Yarjejeniyar Paramount ta sauƙaƙa wa mai kallo a Amurka, inda kuɗin wata bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tsohon farashin dare guda ba, amma kowace ƙasa da nata mai haƙƙi da nata farashi. Mai son boksin da UFC da ƙwallo har yanzu sai ya yi rajista a wurare uku ko huɗu. A Afirka kuwa, inda a 2021 Ngannou da Kamaru Usman da Israel Adesanya suka riƙe kambuna uku na UFC a lokaci guda, yawancin masoyansu ba su da katin biyan kuɗi na waje, kuma kuɗin tashoshin tauraron ɗan Adam ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Sai gidan kallo, ko kuma waya da adireshin da aboki ya turo.

Akwai kuma tambayar da ta shafi 'yan damben kansu. Idan babu "biya ka kalla", babu kason da ake lissafa wa gwani a kan yawan masu saye, don haka sai an sake tsara yadda za a biya shi. Kuɗin da UFC zai riƙa samu a shekara ya kusa ninka na da, kuma 'yan wasa za su zuba ido su ga nawa zai gangaro gare su.

Darasin shekaru goman da suka wuce shi ne, kame da ɗauri suna tsorata masu gudanar da shafukan, amma ba sa rage yawan masu nemansu. Abin da ke rage su shi ne farashin da mutum zai iya biya, da hoton da ba ya yankewa, da hanyar biya da ke aiki a ƙasar da yake zaune. Inda aka samar da waɗannan, akasarin jama'a sukan gwammace su biya su huta. Inda babu su, rufe adireshi 80 ba zai hana wani ya buɗe na 81 kafin a kaɗa ƙararrawar zagayen farko ba.