Ƙyallen da tela ya share ba shara ba ne

 

Yau maganar ƙyalle na kawo muku. E, ƙyalle dai, guntun yadin nan da ke faɗuwa ƙarƙashin almakashin tela. Duk wanda ya bi ta layin teloli a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai daf da Salla ya san abin da nake nufi. Da safe yaron shago zai share ya tara a buhu, in buhu ya cika a kai bola ko a cinna masa wuta. Wani ma cikin kanibo ake tura shi, ya haɗu da leda su toshe hanyar ruwa, damina ta zo mu yi ta salati. Bayan wata uku hunturu ya shigo, sai ka tarar da almajiri ya ƙudundune a zaure ba mayafi, ko tsohuwar da ruwa ya rushe ma ɗaki tana kwana da zane ɗaya. Ra'ayina a nan gajere ne: abin da muke ƙonawa a watan Salla shi ne bargon da muke nema a watan ɗari, kuma ba abin da ya hana mu ɗinka shi sai girman kai.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. Shekara huɗu ke nan ina haɗa ƙyallaye ina yin bargo a gida, da dare bayan na taso daga aiki. Na fara ne da ɗan ƙaramin mayafin goyo da na yi ma jaririn ƙanwata daga ragowar ankon bikinta. Daga nan na yi shimfiɗar gado, na yi rigunan matashin kai, na yi abin salla mai laushi saboda wata gwaggota da gwiwa ke damu. Wanda na fi ji da shi shi ne babban bargon da na haɗa da tsofaffin zannuwan mahaifiyata waɗanda ta daina ɗaurawa. Akwai na bikin yayata a ciki, akwai atamfar ranar mata ta 13 ga Mayu ta shekaru daban-daban, akwai wanda ta goya mu da shi har ya koɗe. Da na shimfiɗa mata, sai ta riƙa ɗora yatsa kan kowane guntu tana faɗin wanda ya ba ta shi da shekarar da aka yi. Wasu labaran ban taɓa jin su ba sai a ranar.

To amma ku ji abin da nake sha. Ran da aka fara ganina da buhu a ƙofar shagon tela, wata maƙwabciya ta tare ni: "Ke ɗiyar nan, albashin ne bai isa ba? Ki ji tsoron Allah kar ki ja ma gidanku magana." Wata kuma cewa ta yi wannan ai aikin mahaukata ne, su ne ke tsintar tsumma. Ban ji haushinsu ba, don haka aka tarbiyyantar da mu: faci alamar talauci ne, sabo shi ne mutunci. Mutum ya yarda ya ci bashi ya sayi bargon leda mai kama wuta da ƴar tartsatsi, da a ce an ga ɗinkin hannu bisa gadonsa.

Sai dai masu wannan magana sun manta da tarihinsu. Ku tuna hawan Salla a ƙofar fadar Damagaram, ko dawakin Zarmakwai na Doso ranar biki. Wannan rigar mai kauri, mai launi-launi, da ake lulluɓa ma doki tun daga wuya har gwiwa, mene ne sunanta? Lifidi. Yaya ake yin ta? Yadi a sama, yadi a ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da allura a ɗinke layi-layi don kar abin cikin ya taru wuri guda. Sau da yawa ma saman nata guntaye ne ja da fari da shuɗi da aka yanka aka jera. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi cikin kayan yaƙi. Ƴan lifida su ne ake sa wa gaba, don kibiya ba ta cika huda wannan auduga ta isa jikin doki ba. Ashe ɗinkin da ake ce ma aikin mahaukata shi ne ya tsare garuruwan kakanninmu ɗaruruwan shekaru. Ni abin da na canza kawai, su doki suka rufa, ni yaro nake rufawa.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. A Senegal, ƴan Bay Fal na ɗariƙar Muridiyya da gangan suke sa rigar guntaye masu launi iri-iri, kuma da ita ake gane su ko daga nesa. A Amurka akwai wani ɗan ƙauye a jihar Alabama da ake ce ma Gee's Bend, mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Matan ƙauyen sun daɗe suna yayyanka tsofaffin wandunan aiki na mazajensu da buhunan gari suna haɗa bargo, don gidajensu na katako ne, iska na shiga ta ko'ina. Ba don ado suka fara ba, don sanyi ne. A 2002 aka baje waɗannan barguna a babban gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, mutane suka yi ta layi don kallo. A 2006 gidan wayar Amurka ya buga hotunansu bisa tambarin wasiƙa har kala goma. Tsumman matalauta ke nan fa, wanda da a nan ne da tuni ya zama toka.

Wata za ta ce, to yaya ake yi? Wallahi ba wani sirri. Bargon hawa uku ne: sama ƙyallayen da aka haɗa, tsakiya abin ɗumi, ƙasa zane guda. Da farko ki ware ƙyallayen, atamfa da atamfa, shadda da shadda. Kar ki haɗa yadi mai talewa da wanda ba ya talewa, bargon zai karkace. Ki wanke su kafin ki sa almakashi, don wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa in ta sha ruwa. Ki yi guga. Sai ki yanki kwali murabba'i mai santimita 12 kowane gefe, shi ne ma'auninki. In kika bar santimita 1 kowane gefe don ɗinki, kowane guntu zai tsaya a santimita 10. Bargon babba mai mita 2 a tsawo da mita 1 da rabi a faɗi zai ci guntu 300, wato layi 20, kowane layi guntu 15. Na yaro mai mita 1 da santimita 20 a tsawo da mita 1 a faɗi, guntu 120 ya ishe shi. Ki jera su a tabarma ki kalla kafin ki fara, ki raba masu duhu da masu haske yadda ido zai huta. A tsakiya ba dole sai auduga ba, tsohon bargo da ya sha jiki ko zannuwa biyu da aka daina ɗaurawa sun wadatar. Wurin haɗa hawa ukun, ki fara daga tsakiya ki yi waje, layi da layi tazarar tafin hannu, sannan ki naɗe baki. Mai keke za ta fi sauri. Marar keke, allura da zare sun isa, kuma ba ruwanta da ɗauke wuta. In kina yin guntu 10 kowane dare, cikin wata guda saman babban bargo ya haɗu. Da yayyafi kogi kan cika.

Yanzu bari mu zo kan masu suka na gaskiya, don akwai su, kuma suna da hujja.

Na farko suna cewa abin ba ya biyan wahala. Kasuwa cike take da bargunan Sin da na bosho, ka miƙa ƴan jikkuna ka ɗauka ka tafi, wa zai biya kuɗin aikin wata guda? Gaskiya ne, in aka auna da awo na sa'o'in da aka zauna, bargon hannu ba zai taɓa karya farashin na kamfani ba. Amma da wa ake wannan lissafi? Mace nawa ce ke zaune bayan sallar isha'i tana murza waya har bacci ya ɗauke ta? Lokacin da ba a sayar da shi ba ne ake maida shi kaya. Ƙyallen kyauta ne, tsohon zanen naki ne, zare da allura kawai za ki saya. Ko ba ki sayar ba, bargo uku da kika ɗinka ma yaranki bargo uku ne da maigida bai cire kuɗin hatsi ya saya ba. Kuma mai son saye yana nan. Wanda ke biyan kuɗi mai kauri don bargon tera-tera na saƙar hannu, ko wanda ke zagaya rumfunan Wadata da baje kolin SAFEM a Yamai, ba arha yake nema ba, abin da ba kowa ke da irinsa ba yake nema.

Na biyu maganar haƙƙi ce, kuma ita ta fi nauyi. Ragowar yadi ta mai yadi ce, ba ta tela ba. Kowa ya san rigimar da ake yi da telolin da ke rage zanen mutane su ɗinka ma ɗiyansu. Ba na so wannan sana'a ta zama ƙofar cin haram. Mafita mai sauƙi ce: tela ya tambayi mai kaya lokacin karɓar ɗinki, "Hajiya, ƴan guntayen da suka faɗi kina so, ko a bayar?" Babban yanki a maida ma mai shi. Ƙananan da ba su kai tafin hannu biyu ba, mutum nawa ne zai ce a ƙulle masa su? In ya yafe, sun halatta, har ma ya samu lada.

Na uku masu tsoro ne, wai ba a san jikin da yadi ya fito ba, kar a haɗa ka da abin da ba ka sani ba. Ni dai abin dariya yake ba ni. Ƙyallen tela sabo ne, ba wanda ya taɓa sa shi. Rigar boshon da ke jikinka kuwa, ka san Baturen da ya yi gumi a cikinta?

Saboda haka ga kirana, kuma ba gwamnati nake kira ba, mu nake kira. Teloli, ku ajiye buhu biyu a shago, ɗaya na shara, ɗaya na ƙyalle mai kyau. Ba zai rage ku da komai ba. Ƙungiyoyin mata, musamman Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi tun 1991, kuna haɗuwa kowane mako don zubin asusu. Ranar zubi kowace ta zo da allurarta, mace 20 kowace guntu 15, ai saman bargo ya tashi a zama ɗaya ko biyu. Ku sayar kuɗin ya shiga asusu, ko ku kai ma makarantar allon unguwarku. Cibiyoyin koyar da mata ɗinki, kafin ku ba ƴan koyo sabon yadi su ɓata, ku fara su da haɗa guntaye, a nan hannu ke koyon miƙe layi. Samari ma ban cire ku ba. A ƙasar nan maza ne suka fi riƙe keke da allura, su ke ɗinkin hula da aikin babbar riga, su suka ɗinka lifidi. Ba wanda zai ce muku aikin mata ne.

Mu kuma masu saye, mu daina taya aikin hannun ƴar'uwarmu kamar muna taya tumatirin yamma. Wanda ya shigo daga waje cikin leda mai rubutun da ba mu iya karantawa muna biya ba musu, namu kuma sai mun ce "haba, ai tsumma ne." In har mu ba mu ga darajarsa ba, ranar da wani baƙo zai zo ya kwashe ya kai ƙasarsa ya rataya a bango, kar mu ce an yi mana wayo.

Ɗarin bana bai wuce ba tukuna. Wadda ta fara cikin makon nan, kafin sanyi ya janye ta rufa ma yaro ɗaya. Ku gaya mana, a garinku akwai masu wannan ɗinki? Me kuke ce masa a wajenku? Teloli kuma muna jiran ta bakinku. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa albarka a abin da hannunmu ya ɗinka.