Wai Kaza Ba Dukiya Ba Ce?



Yau za mu taɓo maganar da muka san wasu za su yi mata dariya tun kafin su kai ƙarshen shafi, wato maganar kaji. A taronmu in aka ambaci burtali, ko mashaya, ko allurar ciwon huhu, kowa sai ya gyara zama. Amma bari wata uwa ta miƙe ta ce kajinta ashirin sun ƙare cikin mako guda, sai ka ga maza suna murmushi, shugaban taro kuma ya ce a wuce gaba. To mu dai ba za mu wuce ba. Wa ke sayen gishiri da sabulu da ganyen shayi a ruga? In yaro ya kwana da zazzaɓi, me ake kamawa a kai kasuwa? In baƙo ya sauka, me ake yankawa? Duk kazar da aka sayar akuya ce ta tsira, kuma akuyar da ta tsira ita ke hana a taɓa maraƙi. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san gidaje nawa ne suka sake tashi daga akurki bayan garke ya ƙare ƙarƙaf.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne yadda muke yi in ciwo ya shigo. Mutumin da zai dubi saniya daga nesa ya gaya maka hanta ke damun ta ko sammore, shi ne in kaza ta yi sanyi zai aika yaro wurin mai tallar magani a faranti ya sayo ƙwayar nan mai kai ja da rawaya, a fasa cikin ruwa, a ƙara barkono, a ce an yi magani. Ƙwaya ɗaya ga kowace cuta! Ba ma yi wa shanu haka, don me muke yi wa kaji?

Babbar mai kisan ita ce annobar da ke zuwa da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta a 1926. Kaza ta yi jugum, ta saki fukafukai kamar ta yafa bargo, kashinta ya zama kore mai ruwa, tana buɗe baki tana neman numfashi, wadda ta jima kuma wuyanta ya murɗe tana zagaye wuri ɗaya. Ƙwayar cutar irin wadda ake kira bairos ce, kuma babu kafso ko allura a duniya da ke kashe ta in ta riga ta shiga jiki. Wanda duk ya karɓi kuɗinka ya ce zai warkar da ita, cin ka ya yi. Ba mu raina saƙe-saƙin iyayenmu ba, maɗaci da gautan kura suna da wurinsu, amma kowa shaida ne shekara nawa ake jiƙa su kuma akurki na wayewa wayam. Rigakafi kaɗai ke tare ta, kuma lafiyayyar kaza ake yi wa, tun ciwo bai shigo gari ba, don sai an yi kamar mako biyu kafin ya kama jiki.

Sauran cututtukan kuwa, ido da hannu sun isa a gane yawancinsu. Ka kama kazar da ke ci amma ba ta ƙiba, ka shafa ƙashin ƙirjinta. In ka ji shi kamar wuƙa, zankonta kuma ya yi fari, nemi tsutsar ciki. In an yanka wata a gidan, a tsaga hanjin a duba: akwai farare dogaye masu kamar taliya, akwai kuma masu faɗi gaɓa-gaɓa, waɗanda kaza ke ɗauka ta cin tururuwa da ƙwari da ƙuda. Bambancin yana da amfani, domin fiferazin da aka fi sayarwa dogayen nan kawai yake fitarwa, masu faɗin sai wani magani daban. Ƴan tsaki masu kashin jini da damina, inda ƙasa ta jiƙe, wata cuta ce ta hanji da ake ba amfuroliyom, kuma ba za ta bar gidan ba sai an share akurki an bar shi ya bushe.

Ƙuma kowa ya san ta, baƙaƙen ɗige-ɗigen nan da ke manne kewayen ido da zanko. A shafe su da basilin ko man kaɗanya su mutu, amma ƴaƴansu cikin ƙasar akurki suke girma, sai an kwashe sharar an ƙone. Ƙwarƙwata tana ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya, a ajiye wa kaji toka da rairayi su yi birgima. Wadda ta fi su mugunta ita ce kaskar kaji, don da rana ba ka ganin ta. Tana ɓoye cikin tsagar bango da ɓawon itacen da kaji ke kwana, da dare ta fito ta sha jini ta koma, tana kuma sa musu zazzaɓi mai kisa. Ta kan yi fiye da shekara ba ta ci ba tana jira. Ka ɗauki tocila ka leƙa akurki bayan isha'i, za ka ga abin da ke rama kajin iyalinka. Maganinta a bango yake: a yaɓe tsagogi, a ƙone tsofaffin sanduna, in akurkin kara ne a ƙone shi a yi sabo nesa. Mun kuma ji ana yayyafa wa kaji piya-piya, ko ragowar ruwan wankin kaskar shanu da ƙarfinsa na shanu. Wannan guba ce, kuma ƙwan da naman cikin ƴaƴanmu za su shiga.

Yanzu bari mu faɗi namu laifin, mu ƴan kasuwa. Ciwon kan kwanta kwana biyar ko shida a jikin kaza kafin ya nuna. Mai gida na ganin biyu sun mutu sai ya ɗaure sauran ya ruga kasuwa, mu kuma mu ga araha mu saya, mu rataya a jikin motar shanu, mu sauke a ruga cikin lafiyayyu. Da hannunmu muke raba annobar gari-gari. Sabuwar kaza a ware ta mako biyu, wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa wa kare. In kuma kaji da zabi da agwagi suka soma zubewa tare, a sanar da ma'aikatan dabbobi nan take, kada yara su taɓa, domin murar tsuntsaye kama take da Niyukasal, tana kuma kama mutum. Ba mu manta ba a Fabrairun 2006 ta ɓulla a jihar Kaduna, watan bai ƙare ba aka same ta a Magariya.

Sai hukuma. Mun san abin da za a iya in an so. Tun 1962 aka soma bi ruga-ruga da allurar bushiya a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru, har a 2011 aka yi shelar cutar ta ƙare a duniya. Amma da aka shiga tsuke bakin aljihu aka miƙa aikin dabbobi ga ƴan kasuwa, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, magani ya yi tsada, likita mai zaman kansa kuwa ba zai ƙona mai ya shiga daji don kaji goma ba. Mai faranti ne ya cike gurbin. Alhali rigakafin yana nan, kuma na kaza ɗaya bai kai kuɗin kaza kusa ba. Akwai na allura, akwai kuma wanda ake kira I-2, da masana a Ostareliya suka samar musamman don kajin ƙauye: yana jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya ne a ido duk wata huɗu, macen da ba ta taɓa shiga aji ba za ta koye shi a wuni guda. Muna da gidajen yin rigakafi, LABOCEL a Yamai da LANAVET a Garwa. In ana iya kai wa sa allura har bakin rijiya, ba mu ga abin da zai hana a sako na kaji cikin akwatin sanyi guda ba.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe na ƙungiya ya zaɓi mata biyu a kowace ruga, a kai sunayensu gidan dabbobi mafi kusa don a koya musu ɗigon, a kuma tara kuɗin kwalba tun da kaka, a yi zagayen farko cikin watan Oktoba kafin iska ta juya.