Ɗan Hakin Da Ka Raina: Dodon Koɗi Da Tsargiya

Masu karatu, a wannan mako za mu yi magana ne a kan dodon koɗin ruwa, wanda girmansa bai wuce na ƙwayar gyaɗa ba. A cikin jikin wannan ɗan taliki ne tsutsar tsargiya take hayayyafa, kana ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka ko mai noman rani.

Iri biyu ne suka fi addabar mu a Afirka. Akwai wanda masana ke kira Bulinus, mai ɗauke da tsargiyar mafitsara, wadda ke sa fitsarin jini. Akwai kuma Biomphalaria, mai ɗauke da ta hanji. Abin mamaki, da aka bi salsalar na biyun nan ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado, sai aka tarar asalinsa Amurka ta Kudu ne. Daga can kakanninsa suka ƙetaro tekun Atilantika, shekaru miliyoyi da suka shige, ana kyautata zaton a jikin tsuntsaye ko bisa ciyayin da ruwa ya kwaso. A nan Afirka tsutsar ta same shi, ta mai da shi masauki.

Da zamanin cinikin bayi ya zo, sai tafiya ta juya. Mutanen da aka kwasa zuwa Burazil suka tafi da tsutsar a jikinsu, ita kuwa ta tarar da dangin mai masaukinta a ƙoramun ƙasar. Har yanzu cutar ba ta bar can ba.

A zamanin nan kuwa, da hannunmu muke share masa hanya. Bayan an gama madatsar ruwa ta Diama a kogin Sanagal cikin 1986, sai ruwan gishiri ya daina hawowa daga teku, dodon koɗi ya sami sarari, ba a daɗe ba tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll.

Ba cewa muke a daina gina madatsai ba, domin abinci na wuyansu. Amma wajibi ne hukuma ta haɗa kowane aikin noman rani da rijiyoyi da masai. Mu kuma mu daina fitsari da bayan gida a bakin ruwa, gama ta nan ƙwan tsutsar ke komawa ga dodon koɗi. Iyaye su sani fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma akwai maganinta a asibiti, wato praziquantel.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.